Jar Rana a Bayan Rigata

Na sauka a Harbin a farkon watan Satumba da jaka biyu, da lambar wayar mutum ɗaya, da kuma girman kan nan da kowane ɗan Jos yake yawo da shi, wai shi ya san sanyi. Idan mutanen Kano suka fara kukan sanyi, mu dariya muke yi musu. Wannan birni da ke can ƙuryar arewa maso gabashin ƙasar Sin, dab da Rasha, ya sauke mini girman kai ƙwarai, sai dai ba da sanyinsa ya fara ba.

Karatu na shekara guda ne ya kai ni. Ni malamin gona ne, aikina zagaya gonakin dankalin turawa daga Vom har Bokkos, kuma mun daɗe muna kallon cuta tana cinye ganye tun dankalin bai ƙosa ba. Mutanen can sun ƙware wajen fitar da iri mai tsabta a ɗakin gwaji, aka ba ni gurbi a wata jami'ar noma in je in koyo. Kafin takarduna su fito ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, don haka neman masauki ya dawo kaina.

Lambar wayar ta Oga Bala ce, wani mutumin unguwar Kwararafa ta Jos da ya daɗe a ƙasar yana turo kayan gyaran babura gida. Wani abokin aikina ne ya haɗa mu. Tun ina Jos ya ce in kwantar da hankalina, ɗaki yana nan yana jirana, har ma ya karɓi na kamun ɗakin. Da na iso ya rungume ni kamar ɗan'uwa na jini, ya saya mini taliya mai zafi, sannan ya zagaya da ni bayan shagonsa ya buɗe wata ƙofa. Sito ne. Kwalaye sun kai rufi, ga katifa guda an jingine ta a bango, babu taga.

"Oga Bala, ina ɗakin?"

"Shi ne wannan ai. Ka yi maneji, Malam Yakubu. Nan ba Jos ba ne o. Ni da na zo, kan kwali na kwana."

"Bututun ɗumi fa? An ce nan garin numfashi ma daskarewa yake yi a gashin baki."

"Kafin lokacin Allah zai kawo hanya."

Na kwana biyu a cikin warin taya da man inji, ina cin tuwon haƙuri. Abin da ya fitar da ni ba warin ba ne, doka ce. A can kowane baƙo sai ya yi rajistar inda yake kwana a ofishin 'yan sandan unguwa, kuma mai gidan ne zai raka shi da takardun gidansa. Sito ba ya rajistuwa. A makaranta aka faɗa mini dalla-dalla: in ban kawo wannan rajistar kafin ƙarshen wata ba, ba za a ba ni takardar zama ba, bizata za ta ƙare, sai in tattara in koma. Na tuna manoman da suka raka ni tasha a Titin Bauci suna ta cewa sai na dawo da iri.

Na yi yawon neman ɗaki har ƙafata ta yi bororo. A waya sai a ce akwai, da na bayyana a bakin ƙofa sai a ce yanzun nan aka kama. Na fara ɗaure fuska, kuma duk wanda ya kalle ni a titi na riga na yanke masa hukunci, cewa baƙar fatata yake kallo. A ƙarshe wata ma'aikaciyar makaranta ta ji tausayina ta ba ni lambar Malama Lin.

Malama Lin mace ce siririya mai furfura kaɗan, ta koyar da Turanci a sakandare har ta yi ritaya, saboda haka da ita kaɗai nake magana ba tare da nuni da hannu ba. Gidan ba nata ba ne, na mahaifiyarta ne. Ƙofa biyu ne suna kallon juna a hawa na huɗu na wani tsohon bene: tsohuwar tana zaune a ɗaya, ɗayan kuma na ɗanta ne da ya rasu, yana kulle. Ta shigar da ni in gaida mai gida. Wata 'yar tsohuwa na gani a kan kujera, ta haura tamanin, idonta ƙyar a kaina.

"Sunanta Dung," in ji Malama Lin.

Dariya ta kufce mini. Na ce ta gaya mata a Vom, inda nake aiki, Dung gida-gida ne, ga Pam, ga Gyang, ga Chung, ƙila ma 'yan'uwanta ne da suka ɓata hanya. Malama Lin ta fassara. Tsohuwar ta yi dariya har ta rufe baki da hannu, ta ce in haka ne ɗan ƙauyensu ne ya zo, a ba shi makulli. Tun ranar nake kiranta Kaka Dung. Aka sa ranar zuwa ofishin 'yan sanda a mako mai kamawa.

Kwanakin nan na farko a gidan su ne mafi daɗi. Da yamma sai in ji ƙwanƙwasa, in buɗe in ga Kaka Dung da kwanon shinkafa da ƙwai da tumatir, domin 'yarta ta gaya mata abin da ba na ci. Ba ta tafiya. Tsayawa take a bakin ƙofa har sai na cinye, in ƙwara guda ta faɗi a tebur ta nuna mini ita da yatsa. Na ɗauka halin tsofaffi ne, don kakata ma haka take da tsakin masara. Duk da haka kewar gida ba ta bar ni ba. Garin shiru gare shi da tsari, ni kuwa na saba farkawa da ihun kwandastoci suna kiran Bauci da Gombe, da ƙamshin masa daga gidan maƙwabta. Har gwate, faten nan na Jos da nake yi wa Hafsatu ƙorafi a kansa, na yi marmari.

Hafsatu matata ce, kuma ita ta saya mini rigar da ta jawo mini magana. Da ta ji inda za ni, ta tafi wurin Iya Risi, wata dattijuwa Bayarabiya mai gwanjo da suka daɗe suna ciniki, ta jira ranar da aka fasa sabuwar dila ta zaɓo mini jaket baƙa mai kauri. A bayanta an yi ɗinkin wata jar rana a kan farin ƙyalle, da jajayen layuka suna fita daga jikinta ta kowane gefe, a ƙasa kuma igiyar ruwa. Hafsatu ta shimfiɗa ta a gado tana murna ta ce, "Ka ga, Baban Amira, rana ce mai fitowa. Allah Ya sa tafiyar ta zama haka." Ni ma na ce amin.

Ranar sha takwas ga Satumba aka tashi da iska mai ratsa ƙashi, na ciro jaket ɗin daga ƙasan jaka na saka a karon farko. Da hantsi ina tsaye a mararraba ina jiran bas, sai jiniya ta ɗauka. Ba irin ta motar asibiti ba, wata doguwa ce mai tashi da sauka, daga ko'ina a lokaci guda. Motoci suka tsaya cak suna danna hon. Mutane suka tsaya inda suke, wasu suka cire hula suka sunkuyar da kai. Mutumin Jos idan ya ga gari ya tsaya haka, hanyar gida yake nema, don haka na fara waige-waige. A nan na lura duk waɗanda ke bayana ni suke kallo.

Wani mutum mai jiki ya cafki wuyan rigata ta baya yana faɗa. Na fizge. Raina ya riga ya cika tun kwanakin neman ɗaki, na ce yau dai an kai ni bango. Na juya na zazzage masa Hausa tas, na ce ni ma mutum ne, ba daga dawa na fito ba, in baƙi ne ba sa so su rufe filin jirginsu. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya, amma wayoyi sun tashi sama suna ɗauka. Ya sake nuna rigar yana yi mini alamar in cire. Na ja zif ɗin har wuya.

'Yan sanda biyu suka raba mu, suka tafi da ni ofishinsu. Gaskiya ba su wulaƙanta ni ba, har ruwan zafi suka ba ni a kofin takarda. Ɗayansu ya buɗe wayarsa ya ajiye a gabana. Tsohon hoto ne marar launi: sojoji a kan ganuwar wani gari, bindigogi da wuƙaƙe a bakinsu, sun ɗaga tuta. Ya sa na cire jaket ɗin, ya shimfiɗa ta kusa da wayar. Ban buƙaci tafinta ba.

Malama Lin ce ta zo ta karɓe ni, tun da adireshinsu na bayar. A hanya ta yi mini bayani, muryarta a kwance, ba ta kalle ni ba. A irin wannan rana, a shekarar 1931, sojojin Japan suka fara mamaye wannan yanki duka. Kafin nan sun riga sun haɗiye Koriya da Taiwan. Suka naɗa sarkin da suke juyawa, suka kawo mutanensu suka ba su gonakin 'yan ƙasa, suka zauna shekara goma sha huɗu, daga nan kuma yaƙin ya bazu zuwa sauran ƙasar. Jiniyar da na ji ta tuna wannan rana ce, duk shekara ake busa ta. Abin da ke bayan rigata kuwa tutar sojojin ce.

"Wallahi ban sani ba," na ce. "A gwanjo aka saya."

"Na yarda. Amma hotonka ya riga mu isa gida."

Haka kuwa aka yi. Maƙwabta sun nuna wa Kaka Dung a waya. Muna hawowa muka same ta tsaye a bakin ƙofarta, ta miƙo hannu, na ba ta ledar da 'yan sanda suka sa rigar a ciki. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta mayar, ta ajiye ledar a ƙasa maimakon ta miƙo mini. Ta yi wa 'yarta magana gajeriya ta rufe ƙofa.

"Ta ce ka kwashe kayanka zuwa ranar Asabar," in ji Malama Lin. "Ba za ta je ofishin 'yan sanda ba."

Na kira gida ina huci, kamar Hafsatu ce ta ɗinka tutar da hannunta. Washegari ta je kasuwa ta haɗa ni da Iya Risi a waya.

"Baban Amira, ka yi haƙuri o. Rigan nan fes gired ne, ni da kaina na ware ma Hafsatu. Wa ya san shi tuta ne? Dila ne kawai muna fasawa, ba mu san wanda ya sa shi kafin ya zo ba."

Gaskiyarta ce. Rabin Jos muna yawo da rubuce-rubuce a ƙirji da baya waɗanda ba mu san ma'anarsu ba, na taɓa ganin limami da rigar kamfanin giya a ƙarƙashin babbar riga. Na nemi reza na zauna na farke ɗinkin zare-zare, na jefa ƙyallen a shara. Na ƙwanƙwasa ƙofar Kaka Dung in nuna mata bayan rigar ya zama baƙi wuluk. Ina jin motsinta a ciki, ba ta buɗe ba. Shinkafar yamma ta tsaya.

Na koma neman ɗaki, amma yanzu har fuskata an sani a unguwar. Na je wurin Oga Bala ko ya san wani. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai ne ashe! Na ga bidiyon, na ce wannan Hausa na Bauci Rod ne. Ba wahala, sito yana nan."

"Sito ba ya rajista, Oga."

"To ka koma gida mana. Dankali dai ko? Ana nomansa tun kafin a haife ka."

Ranar Alhamis Malama Lin ta ce in ina so in gane abin da na ɗauko a bayana, in hau bas zuwa wani gidan tarihi a wajen gari. Na je, rabi don in nuna mata na damu. Kangon wani sansanin sojojin Japan ne, inda likitocinsu suka riƙa gwada ƙwayoyin cuta da sanyi a jikin mutane masu rai. Ba zan bayyana abin da na gani ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kayan aikin: kwalaben gwaji, da faranti na gilashi, da tukunyar dafa kayan aiki don kashe ƙwayoyin cuta, irin dai waɗanda aka fara koya mini riƙewa a makon nan. Na fita waje na zauna a kan dakali, sannan na koma ciki.

A ɗakin ƙarshe akwai taswira, da jajayen kibau suna fita daga tsibiran Japan zuwa Koriya, zuwa Sin, suna gangarawa kudu. Na bi ɗaya da ido har ta sauka a Malaya, sai na tsaya. Kakana ba ɗan Jos ba ne, daga ƙasar Katsina aka kawo shi a zamanin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Lokacin da Japan ta ƙwace ma'adinan kuzar Malaya, Turawa suka rasa kuzar yaƙi, sai suka bi ƙauyukan Arewa suna ɗibar maza da ƙarfi zuwa ramukan Filato. Shi da wansa aka kawo, da 'yar riga guda-guda. Sanyi da tari suka kashe wan, shi kuma kunyar komawa shi kaɗai ta sa ya zauna. Na san labarin tun ina yaro, na yi wanka a kududdufan kuzar ma, amma ban taɓa tambayar abin da ya tashi Turawan ba.

Na dawo da ɗokina, na tare Malama Lin a matakala na zayyana mata. Na ce ta gaya wa Kaka ni ma wannan tuta ta taɓa gidanmu, ita ce ma dalilin da ya sa aka haife ni a Jos. A raina na ɗauka na samo makullin ƙofar.

Ta saurara har na gama, sannan ta zauna a kan matakalar, ta ce in zauna.

"Ba gasar wahala take yi da kai ba, Yakubu. Bari in gaya maka abin da ba ta faɗa."

A zamanin mamayar, in ji ta, farar shinkafa ta Japanawa ce. Ɗan ƙasa dawa da dusa ne abincinsa, in aka kama shi da shinkafa laifi ne babba. Kaka Dung tana 'yar shekara biyar ta kwanta ciwo, ta daina karɓar komai. Mahaifinta ya samo shinkafa cikin tafin hannu, ya ɓoye a cikin hularsa, aka dafa mata a asirce ta ci ta tashi. Wani ya kai rahoto. Aka zo da mota mai wannan tuta aka tafi da shi, aka ce aikin tilas za a kai shi can kan iyaka. Ita ce ta ci shinkafar, kuma tana tsaye a ƙofa aka sa shi a motar.

Na shiga ɗaki na fara ninke kaya.

Ranar Juma'a da safe na kira Hafsatu in gaya mata ta fara shirya abin da za ta ce wa mutane, don ga alama ina tafe. Na ba ta labarin mahaifin tsohuwar, don ta san ba zalunci aka yi mini ba. Ta yi salati a hankali, sannan ta ce:

"Ka yi mata gaisuwa?"

"Wace gaisuwa?"

"Ta rasuwar mahaifinta mana."

"Hafsatu, mutumin nan ya rasu tun ba a haifi babana ba."

"Kai dai jiya ka ji. Maƙwabciyarka ce, ta ciyar da kai, ka ji mutuwar ubanta ka shige ɗaki kana ninke kaya? Ko za ka taho gobe, ka je ka yi mata gaisuwa tukuna. Kada ka kai mata zancen ɗaki, kada ka kai mata zancen riga."

Na so in yi gardama, don ba na son a fi ni gaskiya da sassafe, amma na san haka muke yi. Mutum zai dawo daga tafiya bayan shekaru, ya ajiye jaka ya bi gidajen da aka yi rashi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda zai ce masa ya makara.

Bayan na dawo daga masallaci ban cire kayan Juma'a ba, farar shadda ce da hula, su kaɗai ne kayan kirki da na zo da su. Na roƙi Malama Lin ta shigar da ni, na yi mata alkawarin ba roƙo na zo yi ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa, ta buɗe ƙofar.

Kaka Dung tana kan kujerarta a gefen taga. Na cire takalmi, na ƙi kujerar da Malama Lin ta nuna mini, na zauna a ƙasa na tanƙwashe ƙafa. Tsohuwar ta yi tambaya a taƙaice.

"Tana tambaya wa ya ce ka sa farare."

A raina na ce shi ke nan, na sake yin wata ɓarnar da tufafi. Na ce ba kowa, kayan sallata ne.

"A wurinmu farare kayan makoki ne," in ji Malama Lin. "Dangin mamaci ke sa su."

Na ce to, ya yi daidai, don abin da ya kawo ni ke nan. Na juya wajen tsohuwar na yi maganar da Hausa, yadda ake yi, sannan na maimaita da Turanci. Na ce Kaka, jiya na ji labarin rasuwar mahaifinki. Ya haƙuri? Ya aka ji da wannan rashi? Allah Ya ba ki dangana, Ya sa abin da ya yi miki ya zama alheri a gare shi.

Malama Lin ba ta fassara ba. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ba zan iya faɗin wannan ba. A gidan nan ba a taɓa cewa ya mutu ba. Cewa ake bai dawo ba. Babu gawa, babu kabari, ba wanda ya zo ya sanar. Kakata ta mutu tana ajiye masa takalmansa."

Amma tsohuwar ta ga fuskar 'yarta, ta buga hannun kujera ta ce a gaya mata. Malama Lin ta faɗa, a hankali, tana tsayawa tsakanin kalmomi.

Kaka Dung ta juya fuskarta wajen taga. Na sunkuyar da kai ina kallon tayil, don a zaman gaisuwa ba a cika shiru da surutu, kuma ko ana yi ba ni da abin ƙarawa. Ina jin yara suna wasa a ƙasan bene, da ƙarar bas yana tsayawa yana tashi. Ƙafata ta yi sanyi har ta mutu. Can na ji Malama Lin tana jan hanci, na ɗaga ido na ga tsohuwar tana kuka ba sauti, bakinta yana motsi. Kalma ɗaya take maimaitawa, kuma ko ba tafinta na gane ta, don da ita 'yata Amira take kirana.

Da ta natsu ta share fuska da bakin hannun riga, ta dube ni sosai a karon farko tun ranar jiniya. Ta yi tambaya.

"Tana so ta san yadda kuke yi a garinku."

Na ce ba wani abu mai yawa ba ne. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane su zo su zauna, su yi addu'a, su ambaci halin mamacin na kirki. Maƙwabta su kawo abinci don masu rashi ba sa ɗora tukunya. Wanda ya san shi da wanda bai san shi ba duk suna zuwa.

"Sau ɗaya?"

"A'a. Kwana uku ake zama."

Malama Lin ta fassara. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ɗaga yatsu biyu.

"Ta ce saura biyu ke nan."

Sai Malama Lin ta juya ta yi wa uwar magana da yarensu, na tsinci kalmar Asabar a ciki, ina ganin tuna mata take yi cewa gobe ne ranar tashina. Kaka Dung ta amsa mata da ɗan faɗa-faɗa, irin na uwa da 'yarta ta yi mata tambayar da ba ta da kai. Malama Lin ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta juyo gare ni.

"Ta ce gobe da sassafe mu ɗauki takardun gida mu je ofishin 'yan sanda mu gama da su da wuri, kada ka makara wurin zaman."